Anzar da Aka Jiƙa a Bayan Rumbu

Abin da zan rubuta a nan na same shi ne daga bakin mutum biyu, mahaifiyata da gwaggona, sai kuma abin da na riƙe tun ina ƙarami a ƙauyenmu, arewa da Babura. Shekarar kam ba ni da tabbacinta. Gwaggo ta ce ita ce wadda gero ya tsaya bai fid da kai ba. Inna ta ce ba ta san shekarar da ake nufi ba.

In na rufe ido, tuluna uku nake gani a bayan rumbu, kowanne an kife masa faifai. A cikinsu ƙwayar anza ce, ɗan itacen jejin nan da ganyensa ke nan kore ko rani ya kai ƙarshe. Ɗacinta ba ya ciyuwa, sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa. Kullum da hantsi kakata takan tsiyaye ruwan, ta ciji ƙwaya ɗaya, ta lumshe ido ta daɗe, kamar mai sauraron kira daga nesa. Sannan ta tofar, ta ce, "Da saura." Ranar da ba ta tofar ba aka dafa da gishiri da garin ƙuli-ƙuli, na ci har barci ya ɗauke ni da kwanon a cinyata.

Da na gama jami'a, kaka ta riga ta rasu. Na so in rubuta yadda ake sarrafa anza daidai, kafin masu sani su ƙare.

"Inna, kwana nawa ake jiƙa ta?"

"Wa ya ce maka mun ci anza? Wake ka ci. Gidanmu ba a taɓa rasa hatsi ba."

Na hau acaɓa zuwa Roni, inda gwaggo ke aure. Da ta ji amsar Inna, dariya ta yi har da tari.

"Wake ake ɓoyewa a bayan rumbu? Kwana biyar, ɗana, ko bakwai. Harshen tsohuwa ne ke yanke hukunci, ba lissafinka na boko ba." Sai ta sassauta murya. "Uwarka ce ke tsinko ta, tun kafin gari ya waye, don kada a gan ta. Lokacin tana da cikin ƙanenka."

Na rubuta "biyar ko bakwai", na ja layi a ƙarƙashi. Wannan rashin tabbas ina iya zama da shi. Wanda ya fi damuna shi ne wanda har yau ban samo wa amsa ba: shin ina da ikon rubuta abin da Inna ta ciyar da ni, alhali ita ta ce ba a yi ba?