Shekara Tara Bayan Kawu Nomau, Taron Ruwa Bai Mutu Ba

Bana shekara tara ke nan da rasuwar kawuna Nomau, manomin rani a Jiratawa, Allah Ya jiƙan sa. Har yau in na tuna shi, kunya ce ke riga kewa zuwa.

Lokacin ni ne sakataren ƙungiyar manomansu, don na yi lakkol, wato makarantar boko. Al'adar wurin, kafin a tsara ranar ruwan kowa, sai kowane mai fili ya faɗi ta bakinsa, a fara daga masu gonakin ƙarshen magudana, inda ruwa ke isa a gajiye. Taro ne mai cin rai. Kawu shi kaɗai yakan cinye rabin hantsi.

Da tsada ta zo, taki ya gagara, famfo ya koma sai an taƙaita, mu masu biro muka ce ba lokacin surutun talakawa ba ne. Muka zauna a Maraɗi mu biyar, muka raba wa kowa ruwan awa biyu daidai a takarda, muka soke taron. Kawu ya dube ni, ya kira ni da laƙabin Faransanci da ake yi wa ƴan boko, ya ce, "Mushe, takardar taka ta san inda rairayi yake?" Na yi dariya. Ashe gonakin ƙarshe rairayi ne, kafin a juya sun shanye ruwan. Albasar mutanen can ta ƙone, har da tasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bai taɓa yi mini gori ba. Gida-gida ya bi a kan tsohon kekensa, har Tibiri wurin waɗanda suka yi zuciya suka bar filayensu, sai da taron ya dawo.

Me zai ce yau, da rayuwa ta sake matsewa, ake ta cewa talaka cikinsa kawai ya sani, a bar wa masu ilimi su yi mana tunani? Ina jin zai ce ai yunwar a cikin talakan take, shi ya kamata a fara tambaya.

Bana ma wasu samari masu takardu sun zo da irin shawarata. Kafin in buɗe baki, Inna Tsahara, wadda ke noma filin marigayi mijinta, ta miƙe ta ce, "Ba mu ƙi iliminku ba, ƴaƴana, amma ku zauna nan ku yi shi gabanmu."

Kawu bai bar gidan siminti ba. Mutanen da ba sa tsoron faɗin irin wannan magana ya bari. Ni kuwa da na taɓa rufe musu baki, ni na tashi na shimfiɗa wa samarin tabarma, suka zauna.