Malam Sabi'u Ba Ya Amsa Sallama

Duk wanda ya taɓa kai gyaran waya rumfar Malam Sabi'u a Funtua ya san ba ya amsa sallama muddin ƙarfen liƙi na hannunsa. Numfashi ma riƙe shi yake yi, ya duƙa kan fanel, wato allon cikin waya, yana bin ƙafafun aisi, 'yar ƙwaƙwalwar nan da ke manne a kansa, da dalma ɗaya bayan ɗaya, ƙafafun nan kuwa sirara kamar gashin masara. Sai ya gama zai ɗago ya biya kowa sallamarsa bi da bi. Ni mai sayar da caja a gefensa ni nake ba mutane haƙuri, har bakina ya gaji.

Wani Alhaji dillalin masara daga Kafur ya yi sallama har ya ƙosa.

"Malam, tsaye fa nake!"

Sai da Malam Sabi'u ya kai ƙafar ƙarshe ya ce, "Wa alaikumus salam. Alhaji, ƙafa biyu gare ka, wannan arba'in. Wa ya kamata a fara sallama?"

Rannan wani ɗan mitsitsin kayan gyara da bai kai ƙwayar riɗi ba ya kuɓuce daga hantsakinsa. Ya hana kowa motsi, ya sa mu rarrafe da tsufanmu. Na ce, "Sabi'u, ɗauko wani mana, ga su nan cike da gwangwani."

"Ba tsadarsa ba ce, raini ne ba na so."

A gemunsa muka gan shi. Ya ce, "Ai na san bai yi nisa ba."

Da ido ya fara ja baya ne rigimar gaske ta taso. Wayoyi suka riƙa dawowa, dalma ta haɗe ƙafa biyu. Na nuna masa, ya ce, "Zumunci suke yi." Muka yi dariya, amma ranar bai taɓa abincinsa ba. Ya san in ido ya tafi sana'a ta tafi, ga masu kawo gyara sun fara wucewa wajen samari masu na'urar ƙara girma. Tausayinsa ya kama ni, na sayo masa tabarau.

"Kai ka sa, ni ina ganin ƙafar sauro."

Bayan kwana biyu na kama shi da shi a hanci.

"Gwada maka nake, kar a ce an cuce ka."

Gwajin da bai ƙare ba ke nan, wayoyi kuma suka daina dawowa.

Wata Talata da hantsi na yi sallama, yana duƙe kan tebur. Bai amsa ba. Na ja benci na zauna ina jira kamar kullum, har ina mita a raina. Sai da na ji ƙaurin katako, ƙarfen yana cin tebur, sannan na miƙe.

Allah Ya jiƙan Sabi'u, Ya haskaka masa kabari. Sallamata tana nan bai biya ba. Allah Ya haɗa mu inda zai amsa min ita.