Butar shayin da Inna ta wanke

Shekarun baya, lokacin ina aikin noman rani a fadamar Goronyo, na yi wani aboki ɗan ƙasar Sin. Ya zo koya mana dashen shinkafa ne, ni kuma aka haɗa mu saboda ɗan Turancin da nake karyawa.

Mutumin nan bai damu da sutura ba, amma yana da wata 'yar butar shayi ta jar ƙasa da yake lallaɓawa kamar jariri. Ba ta wuce dunƙulen hannu ba. An zana reshen gora a jikinta, a kan murfin kuma ga ɗan kwaɗo a tsugune. Ya ce da hannu ake gina su a garinsu, tasa kuma ta marigayi mahaifinsa ce. Ba a sa mata sabulu, sai ɗauraya da ruwan zafi, don ƙasar tana shan shayin. Baƙin da ke cikinta, in ji shi, duk shayin da babansa ya sha ne.

Na gyaɗa kai kawai. A raina na ce ƙazanta ce aka yi wa kwalliya.

Da tafiya ta kama shi zuwa Abuja, sai ya ba ni ajiyarta. Na kai ta gidanmu a Wurno, na aje a ɗakin mahaifiyata, inda na san ko ƙuda ba ya taɓa kaya.

Ranar da ya dawo muka shiga gidan tare. Inna ta fito da butar a kan faifai, fuskarta cike da fara'a.

"Wanga baƙo naka ba shi da mata ne?" ta ce da ni. "Butag ga ta yi baƙi ƙirin. Toka da soso nis sa mata, har da omo. Duba yadda ta yi tas."

Abokina ya buɗe murfin, ya leƙa, ya shinshina. Ya daɗe bai ɗago kai ba.

"Mi ya hwaru?" in ji Inna.

Na faɗa mata. Ta zauna a kan turmi, ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Ashe uban yaro nig goge."

Ban fassara masa ba, amma ya gane. Ya durƙusa a gabanta, ya ciro ganyen shayi daga jakarsa, ya ce da 'yar Hausarsa, "Inna, ruwa zafi." Ita ta zuba ruwan. Shayin farko ya fito da ƙanshin omo, muka shanye shi haka nan.

Daga nan kusan kowace Juma'a sai ya zo Wurno shan shayi. Da aikinsa ya ƙare, ya bar mata butar. Ya ce shayin da ke cikinta yanzu na gidan nan ne.

Har yau in na tuna yadda ya shinshina butar nan, tausayinsa nake ji. Inna kuwa ta tsufa, idonta ya rage gani, amma kwanan baya da matata ta nufi butar da soso, daga can cikin ɗaki muka ji muryarta.

"Ke! Aje ta. Akwai mutane ciki."