Famfon da Muka Bi Har Bayan Toranke

Mun tashi da asuba daga Gaya, ni da ɗana da ƙanwata da direba, cikin wata mota mai ɗaki a bayanta. Turawan haƙar rijiya ne suka sayar wa wani ɗan kasuwa, shi kuma yake ba da ita haya. Jikata ce ta haihu a rugar mijinta bayan Toranke, haihuwar fari, tun kafin a kawo ta gida goyon ciki. Ba ta da ƙarfin tafiya, ruga kuma ba ɗakin baƙi. Sai muka ce a motar za mu zauna, in yi mata wankan jego har suna.

To, jama'a, motar nan da gado a ciki, da fitila a rufi, har da famfo. Muka dubi famfo, muka dubi tulunanmu, muka ce wa zai ɗauki tulu ga ruwa a bango? Muka bar su a zaure. Ganyen darbejiya da kanwa da babbar tukunya kaɗai muka loda.

Hanyar Ajingi yashi ne zalla. Gonaki sun yi fari fat, shanu duk haƙarƙari. A Ajingi muka sayi ƙuli-ƙuli da rogo, masu talla na ta rigima da sabon kuɗin nan da ba su gane ba, ni ma ban gane ba.

Da la'asar muka sauka gindin wata tsamiya. Na tarar da yarinyar kwance, ƙafafunta sun kumbura, tun da ta haihu ruwan zafi bai taɓa jikinta sosai ba. Ta ce, "Tsohuwa, da gidanki kika taho?" Na ce, "Tashi, raguwa, yau za ki dahu."

Ƙanwata ta murɗa famfo. Ya yi tari sau ɗaya, ya yi shiru. Direba ya ce, "Ai Iya, sai an jona shi da bututu. Fitilar ma haka." Aikin gama ya riga ya gama, ga mai jego, sanyi kuwa in ya shige ta ba ya fita.

Rijiyar rugar ta kusa ƙafewa, layi ake bi da shanu. Surukar jikata, wata doguwar Bafulatana marar yawan magana, ta leƙa tukunyata ta tafi. Can sai ga mata suna tahowa ɗaya bayan ɗaya, kowacce da ƙwarya, ruwan girkin gidanta ne ta rage. Suka juye, tukunya ta cika. Muka kafa zana jikin mota, na tsoma ganye na yi ta fyaɗa mata, tana ihu tana cewa na tsufa da mugunta.

Haka suka yi mana safe da yamma har suna. Aci-balbal muka kunna, a kan duwatsu muka yi tuwo da kunun kanwa. Famfon kuwa, a kansa muke rataye zanen jariri, ya yi amfani.

Washegarin suna muka juyo Gaya da mai jego, ƙafafu sun saɓe, tana ta barci a gadon Turawa. Na gane cewa ruwa a hannun mutane yake, kuma waɗanda ba su da shi su suka ba mu. Tulunan nan da muka bari a zaure, na sa direba ya koma da su rugar, cike.