Ranar da Kawu Ya Yi wa Baƙi Gadin Tsuntsu

Ko da zan manta sunan unguwarmu, ba zan manta safiyar da kawuna ya karɓi baƙinsa na farko ba. Wannan ya faru ne a shekarun da ake bin hanyar Isa ba tare da fargaba ba.

Kawu mutum ne mai murya. In ya yi maka raɗa a zaure, matan cikin gida sun ji. Da ya ajiye aikin gadi a wani kamfanin gina hanya, sai ya gyara ɗakuna a gidansa kusa da Alkalawa, don masu zuwa ganin kufan tsohon birnin Gobir. Ni ina koyarwa a Sabon Birni, don haka ni ya kira in sa gidan a shafin intanet na masu yawon buɗe ido.

A shafin akwai alamomi da za ka zaɓa, kowace tana nuna abin da baƙo zai yi in ya sauka wurinka. Sun kuma ja kunne: wanda ya sa alamar ƙarya, baƙi suka kai ƙara, za a goge shi. Ina karantawa ina fassarawa, Kawu yana yanke hukunci. Iyo? A'a. Hawan dutse? Babu dutsen. Sai muka zo kan wata mai hoton tsuntsu.

"Kawu, wannan kallon tsuntsaye ce," na ce.

Ya karɓi wayar, ya hango kalmar Turancin, "watch", irin ta "watchman", ya yi dariya. "Kai ɗan nan, bokonka na banza na! Da wagga kalma Turawa ka kirana wurin aiki. Kallon ƙohwa nike yi musu? Gadi na! Gadin tsuntsu suka nuhi, kuma kah Gobir babu wanda yaf hi ni. Danna!"

Na yi musu har na gaji. Wanda ya taɓa cin Kawu a gardama bai zo duniya ba tukuna. Na danna.

Da kaka ta gabato, gero ya fara nuna, sai ga baƙi: wani dattijon likita da matarsa, daga can Kudu. Sun zo da madubin hangen nesa da kyamara mai dogon baki. Likitan yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Ya ce ya daɗe yana neman gauraka, an ce masa har yanzu tana sauka a fadamunmu.

"Gauraka?" in ji Kawu. "Gobe ko ƙurarta ba ka gani!"

Likita ya ɗauka barkwanci ne, ya yi dariya. Ni kuwa na gane nufinsa. Na ja Kawu gefe, ya ce in bar manya su yi aikinsu.

Da sassafe muka nufi gonarsa da ke bakin fadama. Baƙi suna tafiya a saɗaɗe, Kawu ma ya yi tsit, har na fara murna ko ya gane. Ashe kwanton ɓauna yake. Tun jiya ya zagaye gonar da igiya, ya rataye mata gwangwanaye cike da tsakuwa, ya ɓoye maƙwabta cikin gero, kowa da tsohon faranti da sanda.

Muka durƙusa bayan wata sabara. Sai ga gauraka nan bakin ruwa, doguwa, da tukkunta ruwan zinariya. Likita ya ɗaga kyamara. Matarsa ta dafe ƙirji.

"Haaaa! Ku tashe su!"

Kawu ya fizgi igiya. Gwangwanaye suka ɗauka, farantai suka amsa, wani ma har da ganga. Sama ta yi baƙi da tsuntsayen janbaki masu cin gero, gauraka ta buɗe fiffike ta yi arewa, ina jin ba ta tsaya ba sai Nijar.

Kawu ya juyo yana haki, fuska fal annuri. "To, Likita, ka gani? Ko guda ba ta rage ba!"

Likita, bawan Allah, ya zauna daɓas cikin laka. Bai yi faɗa ba. Gilashinsa kawai ya cire yana goge ido, kuma wallahi tausayinsa ya kashe mini dariyar da ta taso.

Da na yi wa Kawu bayani, sai ya tafa hannu. "Wai tun daga Kudu sunka taho su kalli tsuntsu? Su kalle shi yana cin gero, su ƙyale shi?" Sai matar ta ce a hankali dole su sanar da masu shafin. Nan Kawu ya hango abin kunya, don ya gama cika baki a gari cewa gidansa ya shiga duniya.

"Ku dakata," ya ce. "Ni nas sa alamar, ni za ni cika ta."

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa ganin azaba irinsu ba. Kawu ya hana kowa tari kusa da gonar. Janbakin yankin kaf suka ji labari, suka sauka kan geronsa. Shi kuwa yana zaune bayan sabara, ya cusa bakin rawani cikin baki yana cizo, hawaye na zuba, yana kallo ana cinye masa abincin shekara. Sai da gefen gonar ya koma kara zalla gauraka ta dawo.

Ba su kai ƙara ba. Hoton suka aiko, muka sa a shafin. In ka duba gefensa da kyau, za ka ga wani tsoho da rawani a baki, ya zauna kan hannuwansa biyu.

Tun ranar na gane cewa alamar da ka danna alkawari ce ga wanda zai taso daga nesa saboda ita, kuma da fahimtarsa zai zo, ba da taka ba. Kawu ma ya gane. Da aka ƙara sabbin alamomi na zo karanta masa, tun ban buɗe baki ba ya riƙe hannuna.

"Tsaya tukuna. Wagga kuma mi za ta ci min?"