Zaren Likkafanin Inna

Abin da na fara gani da muka shiga gidan Inna a Gwandu shi ne auduga a jikin mata. Ta lafe musu a ɗankwali, a gira, har a gashin ido. Sun cika tsakar gida, wasu a tabarma, wasu a kan turmin da aka kwantar, kowace da mazari a hannu, kuma mafi yawansu ban taɓa ganinsu ba. Babu mai kuka. Gurnanin mazarai kawai ake ji.

Inna kakata ce, mahaifiyar babana. Mu a Kalgo muke zaune, ina aji uku a elementare, ana sauran 'yan shekaru a sami mulkin kai. Aka aiko cewa jikinta ya tsananta, Baba ya ɗauko ni muka hau mota. Duk hanya na zaci zan tarar da gida shiru kamar yadda ake yi wa mai jinya.

Goggo, yayar Baba, ita ta gaya mini dalili, tana zuba mini ruwan wanke ƙafa. A wancan zamani tsohuwa kan kaɗa zaren likkafaninta da hannunta, ta kai wa masaƙi, ta naɗe farin ta ajiye a adudu. Inna ta gama nata tun ba a haife ni ba. To amma ita ke yi wa mata wankan gawa, a cikin gari da ƙauyukan kewaye, kuma idan ta tarar da wadda ba ta bar ko ƙyalle ba, sai ta aiko gida a buɗe adudu. Washegari ta sake ɗaukar mazari. Goggo ta ce ita kanta ba ta san ko sau nawa aka yi haka ba. Na ƙarshen ta bayar da shi lokacin girbi, ga wata baƙuwa mai tallar nono da ta rasu wajen haihuwa. Bayan nan tsufa ya hana hannun Inna riƙe mazari. Yanzu ga ta kwance, adudu babu komai.

Ba wanda ya kira matan nan. Labari suka ji. Akwai wata doguwa daga Dalijan da aka naɗe uwarta a farin Inna, da wasu 'yan'uwa biyu daga Masama, da wata tsohuwa mai ido ɗaya da ta tako da ƙafa daga Kambaza, audugarta a ka. Na tsaya a bakin rumbu ina kallonsu. Ni dai na san Inna da ba ni ƙuli-ƙuli da yi mini faɗan zama ba ɗankwali. Ban san rabin ƙasar nan na da abin da za su mayar mata ba.

Baba bai ga amfanin jira ba. Ina bayansa ya durƙusa a ƙofar ɗakinta.

"Inna, akwai farin yadin akoko a kanti. Yanzun nan sai a yanko, hankalin kowa ya kwanta."

"Kai dai da gaggawa kake tun kana ciki," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Bar matan ga su yi abin da ya kawo su. Wa ke laɓe bayanka? 'Yar boko ce? Taho in gani."

Na matsa. Ta kama hannuna ta juya shi, ta duba tawadar da ta maƙale a gefen yatsana.

"Kun gani ko? Hannun malamai. Wagga ko igiyar akuya ba ta murzawa."

Matan da ke kusa da ƙofa suka yi dariya, ita ma ta yi har tari ya kama ta. Wasan kaka da jika ne, na sani. Amma ban iya ramawa ba, don a lokacin ko sunana aka tambaya a gaban manya sai na sunkuyar da kai. Na fito ina jin cewa kowace mace a gidan tana da abin da za ta raka Inna da shi, ban da ni.

Da safe na tsinci wani tsohon mazari a ɗakin girki, na koma bayan rumbu. A can tsohuwar Kambaza ta same ni ina fama. Ta shafa mini alli a yatsu, ta gyara mini riƙon audugar, ta murza sau ɗaya a hankali don in gani, ta tafi. Zaren ya yi ta tsinkewa ina ƙullawa. Wani wuri siriri kamar gashi, wani wuri kamar tsutsa ta ƙoshi. Haka na yi 'yan kwanaki, babban yatsana ya yi kanta.

Ranar da Inna ta daina karɓar kunu, Goggo ta ce ba sauran jira, masaƙi zai zo bayan la'asar. Ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin, mata suka riƙa kawo zarensu. Goggo ba ta da sassauci. Takan ja zare tsakanin yatsu, ta ɗaga shi sama ta duba, mai kyau ya shiga ƙwarya, mai kauri ta tura gefe.

"Ke ta Masama, wannan ai na ɗinkin buhu ne."

"To, Yaya, da hasken fitilarku na kaɗa shi!"

Ina tsaye da ɗan dunƙulena a cikin zane, bai kai ƙwan zabo ba, ya yi dauɗa saboda riƙo. Na ga wanda aka tura gefe ya fi nawa kyau nesa. Aka yi sallama a zaure, aka ce masaƙi ne. Goggo ta jawo faifai za ta rufe ƙwaryar.

Ban san lokacin da na durƙusa a gabanta ba. Na miƙa da hannu biyu.

"Goggo, don Allah ki ce masa ya sa wannan a ciki, ko a can bakin likkafanin wajen ƙafa ne."