Na Guji Warin Jabel, Rijiyar Kakana ta Kwantar da Ni

Jama'ar Jambutu, kun daɗe ba ku ji ni ba. Ban mutu ba. Ɗiyata Hajara ce ke rubutawa, na ce kada ta gyara ko kalma ɗaya.

Ni da hanci nake gane damina. Da Binuwai ta cika ta yi ja, sai ruwan famfo ya kama warin jabel, maganin da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta. Da rani ba haka yake ba.

Bana sai na ji a rediyo wai maganin nan in ya haɗu da dattin ganyen da kogi ke kwasowa, yakan haifar da wani abu mai cutarwa. Na ce dama na faɗa!

Na rantse na bar famfo. Na koma rijiyar da kakana ya haƙa da ya zo fatauci daga Kano. Matata Hajiya ta hana, sai na riƙa ɓoye ruwan a butar alwala.

Na san wanda ya haƙa kowace rijiya a unguwar nan. Abin da ban sani ba, maƙwabci ya haƙa sabon masai bayan katanga.

Zazzaɓi ya fara, ciki ya biyo baya. Sallah ɗaya, alwala ba iyaka.

A asibiti suka ɗebi jini, suka miƙo 'yar kwalba wai in kawo bayan gida. Da furfurata! Aka ce taifot ce, aka rataya mini ƙarin ruwa. Ragon layyata ya tafi a kuɗin magani. Ranar da na kasa ɗaga kai, na ji tsoro ƙwarai, na fara yi wa Hajiya wasiyya.

Ta ce, "Alhaji, yi shiru. Wasiyyar buta za ka bar mana?"

Na gaya wa likita maganar rediyo. Ta ce, "Baba, akwai ƙamshin gaskiya, amma wancan sai an shekara da shekaru ana sha. Na rijiyarka ko Juma'a ba ya jira."

Alhamdulillahi, na tashi. Na gode wa likita, da masu jinya, da duk wanda ya leƙo. Usoko, in ji Fulani.

Shawarata: in wari ya dame ku, ku tara ruwan famfo a randa mai tsabta, ku yafa ƙyalle har warin ya huce. In dole sai rijiya, ku tafasa. Ciki ya ɓaci, ku tafi asibiti da wuri.

Har yau ina nan kan bakana, ruwan nan yana wari. In kun gan ni ina sha na toshe hanci, kowa ya kama bakinsa.